Da Koyo Akan Iya: Yadda Na Shiga Ajin Girki Ina da 'Ya'ya Biyu

(Jawabin wata 'yar ƙungiyar adashi daga Gwarzo ga matan ƙungiyoyin Kabo. A karanta shi a zaman mako bayan an rufe akwati, sannan a tattauna.)



 

Ni dai ba baƙuwa ba ce a nan. A Kabo aka haife ni, aure ne ya kai ni Gwarzo. Ina ma hango fuskokin da suka san ni tun ina yarinya da faranti a ka, ina zaga tasha da tallan ɗanwake. To, abin da aka ce in zo in yi magana a kai yau, abu ne da na yi shekara biyar ina ɓoyewa: an kai ni ɗakin miji ban iya girki ba. Na ga wasu sun yi murmushi. Ku yi abinku, ni ma yanzu dariya yake ba ni. A lokacin kam kuka nake yi.

Na yarda in faɗa ne don na san ba ni kaɗai ba ce. Kuma a wannan koyo na yi kuskuren da ya taɓa kuɗin akwati, kuɗin 'yan'uwana, ba na son wata ta maimaita shi.

Yadda aka yi ban iya ba

Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, gwana ce a murhu. Da asuba take ɗora tukunya, ni kuma ina ɗebo ruwa da wanke kwanuka. Kafin hantsi an ɗora mini faranti. In na dawo da azahar, na yamma yana jirana. Kun ga ke nan duk lokacin da ake girki ina waje, duk lokacin da nake gida an riga an sauke. Na san kuɗin ɗanwake, na iya ba da canji, na san wanda ke cin bashi ya gudu, amma ban taɓa kwaɓa shi da hannuna ba. Ba na ganin laifinta, da kuɗin tallan nan aka yi mini kayan ɗaki.

Da aka kai ni Gwarzo sai na faɗa babban gida, tukunya ɗaya, ga uwar miji ga faccaloli uku, ana girki bi da bi. Nan na samu wurin ɓuya. Surfe nawa ne, bakace nawa, tankaɗe nawa, wanke-wanke nawa. In ranar girkina ta zo, sai in lallaɓa wurin babbar faccalata in ce, “Yaya, ki tuƙa mini, ni kuma in yi miki wankin yara.” Ranar da ba ta nan, sai in dafa taliya ko shinkafa da mai da yaji in ce kaina ke ciwo. Har yabona ake yi wai ba ni da ƙiwa.

Da Allah Ya yi wa uban mijina rasuwa aka raba gandu, kowa ya koma cin tukunyarsa, sai asirina ya tonu. Tuwon farko da na tuƙa ni kaɗai, gudaji kamar tsakuwa, cikinsa ɗanye, kafin gari ya waye ya saki ruwa ya yi tsami. Miyar kuka kuwa ruwa gefe, kuka gefe. Maigida bai ce komai ba, ya yi loma biyu ya wanke hannu. Bayan mako guda na lura sai ya biya ɗakin Inna ya ci, sannan ya shigo. Wallahi da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Kuma hatsin da ya noma da guminsa, rabi a cikin kwanon kaji yake ƙarewa.

Abin da ya fi kunya nauyi

A wannan lokacin ɗana na biyu yana da wata goma. Ina ba shi nono, ina ba shi koko tsararo, ruwa-ruwa, a tunanina shi ne abincin jariri. Yaro ya daina ƙiba, ya cika rigima, gashinsa ya yi laushi. Ranar da na kai shi rigakafi, ma'aikaciyar lafiya ta ɗaura masa abin awon damtse. Abin nan launi uku gare shi: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa an fara shiga haɗari, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Nasa a ruwan ɗorawa ya tsaya. Ta tambaye ni, “Me kike dafa masa?” Na rasa amsa.

A hanyar komawa gida na ce wa kaina: ke, kunyar mutane kike ji, ga ɗanki yana ramewa a bayanki.

A zaman ƙungiya na gaba, bayan an gama zubi an buga hatimi an kulle akwati, shugaba ta ce ko akwai mai magana. Na ɗaga hannu, muryata na rawa, na ce, “Iyayena, ni ban iya girki ba, ina son a koya mini.” Wuri ya yi tsit. Can sai wata amarya a gefena ta ce a hankali, “Ni ma.” Wata ta ce ita tuwo ta iya, amma waina kullum kwanciya take yi mata a tanda. Kafin a tashi mun zama mu bakwai cikin mu ashirin da biyar.

Yadda ajin ya kasance

Ba mu je birni ba, ba mu ɗauko kowa daga nesa ba. A cikinmu akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru tana sana'ar tuwo, muna kiranta Iya. A unguwarmu kuma akwai wata Malama da ta koyar da darasin kula da gida kafin ta yi ritaya. Iya tana da hannu, Malama tana da awo da bayani. Muka roƙe su suka amince.

Muka tsara mako takwas, sau ɗaya a mako, a tsakar gidan shugaba. Na nemi izinin maigida, ya ce, “Allah Ya taimaka,” ya ƙara mini da kwanon masara. Ba a taɓa kuɗin akwati ba. Kowace ɗaliba tana kawo gwangwani biyu na abin da za a dafa, da itace biyu, da ɗan abin da muka yanka na sabulun malamai. Dokoki uku aka kafa. Mai koyo ita ke riƙe muciya. Wadda ta yi wa wata dariya za ta biya tara, daidai da tarar makara. Abin da ya faru a aji, a aji yake tsayawa.

Dokar farko ita ta fi wa Iya wuya. In ta ga za mu ɓata, sai hannunta ya tafi kan muciya da kansa. Malama ta ce, “Iya, a mayar da hannu baya, a bar ta ta ɓata na gwangwani biyu, ya fi ta je gida ta ɓata na kwano biyu.”

Darasin farko: awo

Na taɓa tambayar mata da yawa yadda ake tuwo. Amsar kullum ɗaya ce: “Ki zuba ruwa daidai, ki sa gari daidai.” To, wadda ba ta iya ba, ina ta san daidai? Gwanaye ba rowa suke yi ba, awon yana hannunsu ne, ba su taɓa ƙirga shi ba.

Abin da Malama ta yi shi ne, ta sa Iya ta yi tuwo a gabanmu, amma duk abin da za ta zuba sai an fara auna shi da kofi ɗaya. A nan na gane inda nake kuskure. Ni da ruwa ya yi zafi nake juye gari gaba ɗaya. Ashe sai ruwa ya tafasa, a dama ɗan gari da ruwan sanyi a yi talge, a zuba ana juyawa, a rufe a bar shi ya dahu sosai har ƙamshinsa ya canza. Rashin dahuwar talge ne ke sa tuwo ɗanye da saurin sakin ruwa. Bayan nan a riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a rage wuta, a rufe ya sulala, a sake tuƙawa, sannan a kwashe. A tukunyata, da garin masararmu, awona ya tsaya a kan kofi 5 na ruwa ga kofi 2 na gari. Naki zai iya bambanta kaɗan, don gari iri-iri ne. Abin nema dai ki gano naki, ki riƙe shi.

Miyar kuka ma haka. A bar daddawa da kayan miya su dahu tukuna, a janye itace wuta ta ragu, sannan hannu ɗaya na barbaɗa kuka, ɗaya na kaɗawa da maburgi. Malama ta kuma ja mana kunne a kan kanwa: tana sa ganye da wake saurin laushi, amma in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran da jiki ke buƙata. Gara a jiƙa wake da wuri, ganye kuma a sa shi daga ƙarshe kada ya daɗe a wuta.

Waɗanda suka iya rubutu, da boko ko da ajami, suka rubuta a bayan littafi. Iya ta ce wa sauran su ja layi da gawayi a bangon madafa: layi biyar ruwa, layi biyu gari. Har yau nawa layukan suna nan.

A mako na uku na kai wa Inna tuwon da na tuƙa. Ta gutsura, ta murza shi a yatsa, ta ce, “Wa ya yi miki?” Na ce ni ce. Ta ce, “To, gobe ki ƙara daddawa.” Waɗanda suka san uwar miji sun san wannan yabo ne.

Kwanon yaro

Mako biyu cur muka yi a kan abincin yara, kuma ina roƙon ku saurari wannan ko da kun fi ni iya girki.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Daga wata 6 a fara abinci, ana ci gaba da nono har shekara 2. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa 23, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Cikin yaro ƙarami ne. In kin cika shi da koko tsararo, ruwa kika cika shi da shi. Kunun yaro ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Malama ta koya mana garin kunun da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Awonsa 6, 3, 1: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a haɗa su, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince kowanne. A wanke hatsi a shanya a soya shi sama-sama ba mai. Waken suya a jiƙa, a wanke, a shanya, a soya shi har ƙarnin ya fita, a ɓarza a fece ɓawon. Kada a yi gaggawa a wannan, waken suya da bai ji wuta ba yana wahalar da ciki. Gyaɗa a soya a murje. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko take da ɗaci, a zubar da ita, don tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A haɗa a kai inji, a bar garin ya huce, a adana a mazubi mai murfi. In za a yi kunu, a dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta har ya dahu.

Duk waɗannan a gonakinmu ake noma su, ko a same su a kasuwar Getso. A kan wannan kunu muka koyi ƙara abin da ya samu: dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi da aka cire ƙaya, kabewa, ɗan manja, garin zogale da aka shanya a inuwa. Yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai, don ki ga abin da ya ci, kada manyan yara su cinye. A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ciyarwa. Abincin da ya kwana, a ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Kuma ban da zuma ga yaron da bai shekara ba.

Da na mayar da ɗana awo bayan 'yan makonni, ya koma kore. Amma ku ji da kyau: in awo ya nuna ja, ko ƙafafun yaro biyu sun kumbura, ko ya ƙi cin komai, wannan ya wuce kunu. Asibiti za a kai shi a ranar.

Inda na yi kuskure

A mako na shida aka nuna mana awara. Sau ɗaya na gani, sau ɗaya na taɓa, kuma ta yi kyau don Iya na tsaye a kaina. Sai kaina ya yi girma. Na ce ai na samu sana'a.

Kun san dokarmu, mace na iya cin rance har ninki uku na abin da ta tara. Mu ba ma ɗora kuɗin ruwa, amma wa'adi wata uku ne. Na nemi duk abin da doka ta ba ni. Shugaba ta ce, “Ƙanwata, ba kya bari a gama ajin?” Na ce kasuwa ba ta jira. Na sayi wake da yawa, da babbar tukunya, da galan na mai.

Ranar farko madarar ta taso ta zube a wuta ina can ina yankan albasa. Rana ta biyu na cika wuta, ta kama a gindi, awara ta yi ƙauri. Rana ta uku na zuba ruwan tsami ba awo, ta yi tauri da tsami, ta kuma fito 'yar kaɗan. Wadda ta yi kyau ma, ina yankawa yadda hannu ya kai, wata babba wata ƙarama, masu saye suna zaɓe manyan su bar mini ƙananan. Ga shi farkon 2023 ne, lokacin canjin takardun N200 da N500 da N1,000, kuɗi sun yi wuya a hannun kowa. Sai na shiga ba da bashi, ni da na san halin masu cin bashi tun ina talla.

Wa'adi ya cika, rabin kuɗin kawai ke hannuna. Ranar nan akwai wadda take jiran rance don sayen magani da kayan haihuwa, kuma kuɗin da ke wurina na cikin abin da za a ba ta. Ban yi barci ba. Washegari na ba ƙanin maigida akuyata, wadda mahaifiyata ta ba ni, ya kai kasuwa. Na biya, amma na koma gida igiya ce kawai a turke.

Ba canjin kuɗi ne ya kayar da ni ba, shi dai ya ƙarasa. Na ci rance a kan abin da na gani sau ɗaya, ban iya ba tukuna.

Girki uku kafin rance

Na koma wurin Iya da Malama na zauna. Muka sake daga gwangwani huɗu. Na koyi jiƙa wake ya jiƙu ba tare da ya yi tsami ba, da sa ɗan mai a markaɗe don rage kumfa, da tsayawa a kan tukunya in ta kusa tafasa. Na koyi zuba ruwan tsami da ludayi, ina ƙirgawa, ina dakatawa, har in ga ta dunƙule ruwan ya yi garau. Na koyi matsewa da dutse iri ɗaya, na kuma samu ɗan katako da nake auna yanka da shi.

Sannan Malama ta sa ni lissafi. Zan ba ku misali. Waɗannan adadi na koyo ne, ku sa farashin kasuwarku na yau a madadinsu.

Waken suya kwano 1: N2,500
Markaɗe: N300
Itace: N500
Man suya: N1,500
Attaruhu, albasa, gishiri, magi da yaji: N500
Leda: N200
Jimla: N5,500

In kwanon nan ya ba ki yanka 140, kina sayarwa N50, kin tashi da N7,000, riba N1,500. In yara sun ci 10, saura N1,000. In kuwa hannunki ya yi nauyi kika yanka 110 kacal, N5,500 za ki samu: kin wuni a hayaƙi a banza. Kun ga wake ɗaya, wuta ɗaya, amma wuƙa ce ta raba riba da asara. Kada ki manta da dusar da ta rage a abin tata, abincin dabbobi ce, ita ma kuɗi ce. Da ribar awara da dusar nan na mayar da akuya a turkena, yanzu har ta haihu.

Daga abin da ya same ni ƙungiyarmu ta ƙara doka ɗaya, da yardar kowa. Duk mai neman rance don sana'ar abinci, sai ta yi girkin sau uku ita kaɗai da kuɗinta, ɗan kaɗan, mata biyu su ɗanɗana, ta kuma kawo lissafinta a baki ko a rubuce. Rancen farko kuma ya zama na jarin mako ɗaya. Ba don a wulaƙanta kowa ba ne. Kuɗin da ke cikin akwati na mu duka ne.

Irin wannan adashi namu a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Dubarar kuwa ita ce a ƙirga a gaban kowa, a rubuta, a yi kaɗan-kaɗan kowane mako. Mun iya wannan a kan kuɗi. Abin da ajin girki ya koya mini shi ne in kai shi bakin murhu.

In kuna son buɗe naku ajin

Na ɗaya, kada ku tambaya a bainar jama'a wace ce ba ta iya girki ba, ba kowa ce za ta iya ɗaga hannu ba. Ku ce, wane girki kowa ke son ta ƙware a kai? Ko gwana tana da abin da ke ba ta wuya.

Na biyu, ku duba cikinku tukuna. A kowace ƙungiya akwai mai hannun waina, mai dambu, mai ƙuli-ƙuli, mai alale. Ku girmama ta, ku ba ta ɗan abin sabulu. In ana batun abincin yara, ku gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ke kusa da ku.

Na uku, ku fara da abincin gida na kullum: tuwo, miya, kunun yaro, wake, ganye. Kayan sayarwa su biyo baya. Cincin da kek suna da daɗi, amma ba su ake ci kowace rana ba.

Na huɗu, ƙaramar tukunya, kofi ɗaya na awo, ɗalibai kada su wuce takwas, don kowa ta taɓa muciya. Abin da aka koya, a maimaita shi a gida kafin mako ya zagayo, a dawo a faɗi yadda ya kasance, ko ya yi ko ya ɓaci.

Na biyar, kuɗin aji daban, kuɗin akwati daban, asusun taimakon juna daban. Kuma a yi aji bayan an tashi daga zubi, kada a haɗa lissafi da hayaƙi.

Na shida, a nemi izinin mazaje, a yi musu bayani a fili: hatsi zai daina lalacewa, yara za su ƙoshi.

Kafin in zauna

Babbar 'yata yanzu tana firamare. Na yi alkawari ba zan ɗora mata faranti ba. Awarata a gida ake zuwa saye, sauran kuma wata makwabciya mai shago take karɓa. In yarinyar ta dawo daga Islamiyya, tana zama kusa da ni, nesa da wuta, ita ke ƙirga mini kofi. Ƙanenta, wanda awonsa ya taɓa tsayawa a ruwan ɗorawa, shi ke miƙo mini ludayi, kuma in ya girma shi ma zai koya, don ɗalibi ko ɗan ci-rani da ya iya dafa wake ba ya kwana da yunwa. Maigida kuwa ya daina biyawa ɗakin Inna kafin ya shigo. Wani lokaci ma har santi yake yi, ni dai ba na tanka masa.

Iyayena, ku da Allah Ya ba hannu, in yarinya ta zo tambaya kada ku ce mata “daidai”. Ku ɗauko kofi ku auna mata. Ƙannena amare, in akwai mai irin damuwata a cikinku, ba sai kin yi shekara biyar kamar ni ba. Ki samu shugabarki a gefe yau ɗin nan kafin a watse.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, ku yafe mini. Allah Ya sa albarka a tukwanenmu da akwatunanmu, Ya raya mana zuri'a, Ya mayar da kowa gida lafiya.